Lamba Ta Ɗaya

Shafi na 31

Na karanta saƙonninku tas. Masu cewa Yaya 'yar aljanna ce da masu cewa Auta ta cika fitina, duk ku gyara zama, don yau sai wani ya haɗiye maganarsa.

Wanda ya shigo mana yanzu kuma, ga inda aka kwana. Sati bakwai ke nan da sallamo Auta daga asibiti bayan ta yi yunƙurin kashe kanta. Yaya, wadda suke ciki ɗaya, ita ta yi jinyarta kwana goma sha takwas a kan kujerar roba. Jiya kuwa, a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, Auta ta maka tata wayar da bango. Yau da safe Yaya ta kwashi wayar ta tafi da ita shagon sayar da wayoyi inda take aiki.

Mai Gyara ya juya wayar a ƙarƙashin fitilar teburinsa, ya gyara zaman gilashin idonsa.

"Manaja, wannan faɗuwa ta yi ko mota ce ta bi ta kai?"

"Faɗuwa ta yi."

"Daga bene na nawa?"

"Gyara za ka yi ko surutu?"

"Allah Ya huci zuciyarki. Fuskar ta tafi, sai an kawo wata gobe. Amma cikinta lafiya lau, zan jona ta da kwamfuta ki kwashe lambobin."

Ya sa farce ya ɓare rigar wayar. Wata takarda da aka ninke sau huɗu ta faɗo kan tebur. Yaya ta riga shi kai hannu.

Tana buɗewa ta gane ta. Takardar kariya ce, wadda likitan ƙwaƙwalwa ya sa Auta ta cika da hannunta ranar sallama. A ranar ne ya zaunar da Yaya ya ce mata ciwo biyu ne suka haɗu wa ƙanwarta. Akwai na damuwa, mai danne mutum har ya ga duniya ta yi masa baƙi ƙirin. Akwai kuma na hali, wanda ya sa abin da zai yi wa wani ƙaiƙayi ita ƙuna yake mata, kuma ba abin da take tsoro kamar a guje ta. Ya ce idan mugun tunanin ya dawo, takardar nan za ta duba, ta kira mutanen da ta rubuta, ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ba ta taɓa neman ganin takardar ba. Me za ta gani? Ai ta san sunan da ke sama.

Ta kai idonta ƙasan shafin.

Na ɗaya, Anti Mai Guga.

Na biyu, nas ɗin ranar Laraba.

Na uku, layin gaggawa na asibiti.

Ta juya bayan takardar. Fari fat. Ta sake juyowa, ta karanta daga sama har ƙasa da yatsa kamar 'yar aji ɗaya.

"Manaja, lafiya? Na ga fuskarki ta sauya."

"Har layin asibiti ya samu shiga," ta faɗa, ba da shi take ba. "Layin da in ka kira sai ya sa maka kiɗa ka yi ta jira."

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗa bai ce dole sai a kan namiji ba. Abin da ya taso wa Yaya kishi ne tsagwaronsa, ba sirki. Ita ta yi wa yarinyar nan wanka a gadon asibiti. Ita ta tare dangi a bakin ƙofa tana yi musu ƙaryar zazzaɓi. Ita ke ƙirga mata magani safe da yamma, ita ke shan zagi in abin ya motsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wata mai wanki da guga da suka haɗu sati bakwai da suka wuce, a zaman da marasa lafiya ke yi duk Laraba a asibiti, wai ita ce ta ɗaya.

Ko hutun rana ba ta jira ba, ta ɗauki jakarta ta nufi shagon matar.

Shagon gugar yana bayan asibitin, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Riguna ne rataye jere a cikin leda, wurin sai tururi da ƙamshin sitaci. Matar tana tsaye bayan dogon tebur, ta kai shekara hamsin, gajera, hannayenta duk tabon ƙuna. Ta amsa sallamar ba ta ajiye dutsen gugar ba.

"Kawowa ko karɓa?"

"Ba ko ɗaya. Ni ce yayar Auta."

Sai a lokacin ta ɗago, fuskarta ta washe.

"Ikon Allah. Ashe ke ce Yaya. Ga kama nan a goshi. Zauna, ƙanwata, ture kayan nan."

"A tsaye ma ya isa."

Yaya ta shimfiɗa takardar a kan rigar da ake gogewa. Mai Guga ta duba, ta jingine dutsen a gindinsa.

"Ita ta ba ki?"

"Ba wannan na zo ji ba. Me kika ba ƙanwata ta ci?"

"Ni? Ko ruwan shagon nan ba ta taɓa sha ba."

"Sati bakwai kika san ta. Ni shekara ashirin da huɗu. A bayana ta yi wayo. Da wane dalili sunanki zai hau sama, nawa ko a gefen takarda babu?"

"Wannan ita za ki tambaya."

"Ke nake tambaya. Ke likita ce?"

"A'a. Mara lafiya ce ni." Ta faɗa kamar mai faɗin sunan unguwarsu. "Nawa ciwon mai hawa da sauka ne. In na hau, sai in goge kayan layin nan kaf ban runtsa ba, in ji ba wanda ya kai ni a duniya. In na faɗo kuma, ko kofi ba na iya ɗagawa. A irin faɗowar ce na taɓa yin abin da ƙanwarki ta yi. Shekara goma sha biyu ke nan. Ina shan maganina, ga ni ina guga."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Amma ai wannan kai kuka gidan mutuwa ne. Mara lafiya ya kira mara lafiya, wa zai ɗaga wani?"

Maganar ta yi nauyi, Yaya ma ta sani. Mai Guga ta yi ɗan murmushi, ta ɗauke takardar daga kan rigar mutane ta ninke ta yadda take.

"Bari in tambaye ki. In ta ce miki ta gaji, me kike ce mata?"

"In ce ta ji tsoron Allah. Ta dubi Umma da hawan jininta. Ta dubi wahalar da aka sha a kanta."

"Duk gaskiya ne."

"To?"

"To ni ba na cewa komai. Shiru nake yi, ta zubar da abin da ke cikinta har ya ƙare. Kuma kullum ƙarfe goma sha biyu na rana nake kiranta, ko minti ɗaya ba na ƙarawa. Shi ke nan asirin, in asiri kike nema."

"Shiru," in ji Yaya, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shiru har wani karatu ne? Me take faɗa miki a kaina?"

"Wannan amana ce."

Nan ne fa wutar ta kama sosai. Ashe akwai abin da ake faɗa. Ashe ana zama da sunanta a baki, ita tana can tana ƙirga ƙwayoyin magani kamar baiwa.

"Amana tsakaninki da ƙanwata, ni ce bare ke nan."

"Ƙanwata, ba kujerarki na hau ba. Yau ni ce ta kirki a wurinta, sati mai zuwa ƙila ta wanke ni tas ta shanya. Haka ciwon yake, ke kin fi ni sani. Ni abu ɗaya zan roƙe ki." Ta miƙo takardar da hannu biyu. "Mayar mata da ita inda kika same ta. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma wannan ba wurin wasa ba ne."

Yaya ta fizge takardar. Ko sallama ba ta yi ba.

Da ta koma shago, Mai Gyara ya riga ya fito da lambobin a kan kwamfuta, ya kuma lalubo wata ƙaramar waya mai madannai a aljihun tebur, wadda Auta za ta riƙe kafin gobe. Yaya ta sa layin Auta a ciki, ta zauna tana shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ta Umma. Ta sa tata. Ta sa ta nas da ta asibiti daidai, har sau biyu ta duba, don Yaya ba muguwa ba ce, kar ku ce na ce.

Sai ta zo kan Anti Mai Guga.

Ta rubuta sunan. Yatsanta ya tsaya.

A gefen kantar sayar da kaya akwai wayar shago, tsohuwa mai tsagaggen baya, wadda masu sayayya ke kira su tambayi kaya. Auta ba ta san lambarta ba, ba ta taɓa buƙata ba. Yaya ta dubi wayar, ta dubi sunan.

Sau ɗaya kawai, ta ce a ranta. In ji da kunnena abin da ake faɗa a kaina. Gobe in fuskar ta zo, komai ya koma yadda yake, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ta danna lambar shago a ƙarƙashin sunan matar, ta adana. Ta mayar da takardar cikin rigar fasasshiyar wayar, ta jefa wayar shagon a jakarta.

Ni dai na ce, Yaya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma wa ke jin marubuciya?

Da yamma ta iske Auta a falo, ta naɗe ƙafa a kan kujera, ta wanke kwanuka har ta share tsakar ɗaki. Duk wanda ya gan ta ba zai ce ita ce ta jiya ba. Tana ganin Yaya ta taso ta rungume ta ta baya.

"Yayata ta kaina. Kin yafe min?"

"Sake ni, zafi nake ji. Ungo, riƙe wannan zuwa gobe."

Auta ta juya ƙaramar wayar tana dariya.

"Wannan ai ta zamanin kakanni ce. Lambobina suna ciki?"

"Duk na sa miki."

"Har ta Anti?"

"Har ita."

Auta ta ɗago ta dube ta.

"Yaya, kin buɗe rigar wayar?"

"Ni ina ruwana da rigar wayarki? Kin sha maganin yamma?"

Abu ɗaya Yaya ta manta, kuma ita ta fi kowa saninsa. Tun da dangi suka samu labari suka dinga kira suna yi mata wa'azi, Auta ta daina ɗaga baƙuwar lamba. Ko sau goma za a kira, kallo kawai take bi da ita.

Washegari ƙarfe goma sha biyu daidai, wata lamba marar suna ta kira ƙaramar wayar. Auta ta kalle ta har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa. Sau biyar. Auta kuwa idonta na kan agogon bango, tana jiran sunan Anti ya fito.

Ƙarfe ɗaya da kwata, Yaya na tsaka da nuna wa wata mata abin caji, jakarta ta fara ruri. Ta leƙa. Lambar Auta ce a kan wayar shago. Ta ji wani ɗan daɗi, irin na wanda tarkonsa ya kama. Ta bar matar a tsaye, ta shige ɗakin ajiya na baya, ta turo ƙofa, ta zauna a kan kwali. Ta ɗaga, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Anti."

Muryar ba ta jiya ba ce. A shaƙe take, a kwance, ba hawa ba sauka. Yaya ta san muryar nan. Sau ɗaya ta taɓa jin ta, sati tara da suka wuce, ranar da aka kai ta asibiti.

"Anti, ba ki kira ni ba. Na jira har ɗaya. Na ce ƙila aiki ne, na ce ƙila wuta ce ta ɗauke, na ce ƙila kin mutu. Daga baya na ce a'a, gajiya kika yi. Ba komai. Kowa ma yana gajiya."

Yaya ta runtse ido. Sai yanzu ta tuna da ƙarfe goma sha biyu.

"Kar ki ba ni haƙuri. Yi shirunki kawai yadda kika saba."

Numfashi. Ƙarar fanka daga can gida.

"Jiya na yi wa Yaya shara da wanke-wanke. Ko kallo ba ta yi ba, magani ta tambaya. Anti, kin san haushinta nake ji? Wallahi kishinta nake. Ita komai nata a tsaye yake. Ta tashi da safe ta san ko ita wace ce. Ni sai na duba fuskar mutane kafin in san ko ni mutum ce yau. Umma in ta kalle ta sai ta yi ajiyar zuciya, in ta kalle ni sai ta duba inda makullin akwatin magani yake. Ciki ɗaya muka fito, ita ta kwashe lafiyar duka ta bar min ragowa."

Hawaye ya gangaro wa Yaya ya shige cikin mayafin. Ita ake kishi? Ita da rabon da ta yi barcin kirki tun kafin asibiti?

"Rannan kin tambaye ni me ya sa ban sa ta a takarda ba, na ce miki masifa gare ta. Ƙarya na yi miki. Sunanta na fara ɗora biro zan rubuta, hannuna ya ƙi. Anti, ke in na kira ki na ji kin gaji da ni, zan yi kuka in kira nas. Nas in ta gaji, in kira asibiti. Amma in na kira Yaya a irin wannan halin, na ji ta ja numfashin nan da take ja kafin ta ce 'me kuma ya faru', to wa ya rage? Bayan Yaya babu kowa. Shi ya sa nake ajiye ta. Ba na so in taɓa ta in ga ita ma ta ƙare."

Yaya ta cusa mayafin cikin bakinta ta cije. So take ta yi magana, amma ta san kalma ɗaya in ta fito, yarinyar za ta gane an yi mata kutse a wuri ɗaya tak da ta ɓoye wa kanta.

"Anti, tunanin nan ya dawo. Tun sha biyu da rabi yake zaune a kaina. Umma ta tafi awon jini, ni kaɗai ce a gida. Ban yi komai ba, na kira ki tukuna, kamar yadda muka yi alkawari." Ta ja hanci. "Na gama. Yanzu yi min tambayar."

Yaya ta zaro ido.

"Tambayar da kike min in na gama. Yi min, Anti. In na ji ta daga bakinki sai in ji kamar an kunna fitila."

Wace tambaya? Mai Guga ta ce shiru take yi, ba ta ce akwai tambaya ba. Ko kuwa za ta faɗa, Yaya ce ba ta tsaya ji ba? Ta laluba aljihunta da ɗaya hannun tana neman tata wayar, ta tuna ta bar ta a kan kantar shago. Lambar matar ma tana cikin takardar da ke teburin gyara.

"Anti? Kina ji na?"

Ƙofar ɗakin ajiyar ta buɗe. Mai Gyara ya leƙo da ɗan kwali a hannu, da muryarsa mai kamar lasifika.

"Manaja, ashe nan kika ɓuya. Ga fuskar wayar ƙanwarki ta iso, in ɗora?"

Yaya ta ɗaga masa hannu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Shiru ya ratsa layin. Ko numfashi babu. Ta ciro wayar daga kunnenta ta duba, daƙiƙoƙin suna tafiya, ba a kashe ba. Ta fizgi biron da ke aljihun rigar Mai Gyara, ta rubuta a jikin kwalin hannunsa da manyan baƙaƙe: TADA MASHIN, GIDANMU, YANZU. Ya dubi rubutun, ya dubi fuskarta, ya juya da gudu.

"Yaya?"

Ta cire mayafin daga bakinta.

"Ni ce, Auta. Don girman Allah kar ki kashe."

"Tun yaushe kike ji?"

"Tun farko."

"Ina Anti?"

"Ba ta gaji da ke ba. Ta kira ki, ita ce baƙuwar lambar. Ni na canza lambarta a wayarki. Ni ce na yi, Auta, kishi ne ya ci ni. Ga ni nan zuwa, ki zage ni in na iso, ki fasa duk wayoyin shagon nan a kaina. Ki dai tsaya a layin."

Tana magana tana ratsa shagon, ta wuce matar abin caji da ke tsaye har yanzu, ta fito titi. Mashin ɗin na ruri a bakin ƙofa. Daga nan zuwa gida minti ashirin ne in hanya ta yi kyau.

Auta ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, kuma wannan ya fi komai tsorata Yaya. Da ta sake magana, muryar ƙanƙanuwa ce, kamar lokacin da take 'yar shekara biyar.

"Kin ji duka ke nan."

"Na ji."

"To tunda kin zama ta ɗaya, ke yi min tambayar."

Yaya ta buɗe baki, ƙafarta ɗaya a kan mashin. Shekara ashirin da huɗu tana ba yarinyar nan amsa, ba ta tuna ranar da ta taɓa yi mata tambayar da ba ta magani ba.

"Ina jira, Yaya."